Ƙyallin Kurom, daga Ƙarfe zuwa Roba

Masu sha'awar haɗa ƙananan motocin roba, irin waɗanda ake sayarwa gunduwa-gunduwa cikin kwali a manna da gam, suna da wata damuwa da ta daɗe tana ci musu tuwo a ƙwarya. Bamba da murafan taya da ragar gaban motar suna zuwa da ƙyalli kamar madubi, a maƙale jikin reshen robar da aka zubo su tare. Da zarar an yanke su daga reshen, sai wurin yankan ya bar tabo, robar ta leƙo tsirara. Tabon bai wuce ƙwayar gero ba, amma a kansa ido yake fara sauka. Irin wannan tabon, a babban siffa, shi ne dillalin mota a yankin Bagudo yake fama da shi idan 'yar Kwatano ta iso da ragar gaba a ɓare, kuma dalilin da ya hana su biyun samun gyara mai sauƙi guda ɗaya ne.

Iyakar da ta ratsa wannan yanki ta samo asali ne daga yarjejeniyar Ingila da Faransa ta watan Yunin 1898, wadda ta raba ƙasar Bargu biyu, ta bar Illo a hannun Ingilishi, Nikki kuma a hannun Faransawa. Illo tana cikin ƙaramar hukumar Bagudo a yau, tare da Kaoje da Lolo da Tsamiya, Segbana kuwa tana tsallake a Jamhuriyar Benin. Daga can hanya ta haɗe da Kandi, ta gangara Parakou har tashar jiragen ruwa ta Kwatano, inda tsofaffin motocin Turai da Amurka suka yi shekaru suna sauka. Gwamnatin tarayya ta hana shigo da mota ta iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017, ta kuma rufe iyakokin a Agustan 2019. Motar da ta ci gaba da shigowa bayan haka ta bar kwalta ta koma daji, kuma kayan adon gabanta ne suke fara karɓar dukan tsakuwa da ƙaya.

Shi kurom ɗin, wani Bafaranshe masanin sinadarai, Louis-Nicolas Vauquelin, ya gano shi a 1797, amma sai a 1924 Colin Fink da Charles Eldridge na Jami'ar Columbia suka daidaita hanyar lulluɓe ƙarfe da shi ta wutar lantarki a masana'anta. Kafin nan nikel ake amfani da shi, mai dushewa idan ba a goge ba. Ko a zamanin da motocin Amurka na shekarun 1950 suke ɗauke da kurom gaba da baya, shi kansa ba shi da kauri: ana shimfiɗa jan ƙarfe, a bi da nikel, sannan a rufe da kurom da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na kaurin gashin kai ba. Amma ƙarƙashinsa ƙarfe ne, wanda ake iya bugawa ya miƙe, a kankare, a sake tsomawa. Peugeot 404 da 504, waɗanda suka mallaki hanyoyin Arewa, musamman bayan buɗe masana'antar Kaduna a 1975, sun ma fi sauƙi, domin bambarsu ƙarfe ce marar tsatsa tun daga ciki har waje. Mai gyaran jikin mota yana buge ta, ya goge, ƙyallin ya dawo, don babu wata fata da za ta ɓare.

A shekarun 1960 aka koyi ɗora kurom a kan robar ABS. Ana tsoma robar cikin asid mai cinye wani ɓangare na jikinta, ya bar ramukan da ido ba ya gani, sai ƙarfen farko ya shiga ramukan ya kama, a ci gaba da jera jan ƙarfe da nikel da kurom. Abin ya yi arha, ya yi sauƙin nauyi, kuma a yau kusan duk tambari da ragar gaba da mariƙin ƙofa masu sheƙi roba ce a ciki. Sai dai roba da ƙarfe ba sa buɗewa daidai idan zafi ya bugo su. Ranar watan Afrilu a kwarin Neja da sanyin asubahin hunturu suna ja su saki, har fatar ta kumbura, ta tsage, ta fara ɓarewa da baki mai kaifin da kan yanki yatsa.

Na ƙananan motocin kwali kuwa ko kurom ɗin ma ba shi ba ne. Kamfanin AMT na jihar Michigan, wanda ya fara da ƙera samfurin motoci don dillalai a 1948, ya fito da na haɗawa a 1958, galibi a ma'aunin kashi 1 cikin 25 na girman motar gaske. Ƙyallinsu alminiyon ne: ana shafa wa reshen robar man sheƙi, a sa shi cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, a narkar da alminiyon har ya zama tururi ya sauka a kai. Tunda reshen gaba ɗaya ake lulluɓewa, mahaɗarsa da kowane yanki ba ta samun komai. Fatar kuma ta yi sirantar da ruwan bilicin wanki yana wanke ta ƙal.

Kuskuren da kowa yake fara yi shi ne ɗauko fentin azurfa. Cikinsa akwai ɓarɓashin alminiyon da ke kwanciya birkice, kowane yana jefa haske inda ya ga dama, don haka abin da ake samu toka-toka ne mai ɗan walƙiya. Madubi yana buƙatar shimfiɗa sumul. Masu ƙananan motoci sun bi hanya uku don kusantar hakan. Akwai siririyar takardar ƙarfe mai gam a baya, irin ta Bare-Metal Foil, wadda ake mannawa a murje da auduga a gyare gefenta da sabuwar reza, kuma ita ta fi aminci a kan sassa miƙaƙƙu. Akwai fentin Alclad II, da ake fesawa sama-sama a kan baƙin fenti mai santsi. Idan aka cika hannu, sheƙin ya mutu. Sai alƙalamin Molotow na Jamus, wanda ɗigo ɗaya daga bakinsa yake rufe tabon yanka fiye da komai, muddin an bar shi ya bushe kwanaki, ba a kuma yawan taɓa shi ba. Da yawa daga cikin gwanayen sukan wanke ƙyallin kamfanin duka su sake nasu, domin faci ba ya taɓa zama launi ɗaya da asali.

Yaran karkara da suke ƙera mota da karan dawa ko gwangwanin madara, su yanko taya daga tsohon silifa, sun daɗe da gano dabarar farko: takardar cikin kwalin sigari suke liƙa wa fitilu da bamba, su murje da farce.

A motar gaske babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da yake jure rana da wankin omo na dogon lokaci. Sake lulluɓe roba da kurom aikin masana'anta ne, da sinadarin da ke jawo ciwon dajin huhu ga mai shaƙarsa, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi ba tare da izini na musamman ba tun Satumbar 2017. Abin da ya rage wa mai gyara a Bagudo ko Birnin Kebbi shi ne ya sauya ragar da wata ta hannu, ko ya kankare ta ya mayar da ita baƙa, ko ya fesa mata fentin azurfa don ta kai ranar ciniki. Na ukun ne yake cutar mai saye, ga shi kuwa gane shi ba wuya. Idan mutum ya sunkuya gaban kurom na asali zai ga fuskarsa da hularsa sarai, a fenti kuwa inuwa kawai zai gani, kuma idan ya murza da babban yatsa, toka za ta biyo shi.