Taswirar Rana da Dokar Ƙasa ta 1910

A watan Janairun 2017 Bankin Duniya ya buɗe Global Solar Atlas, taswirar intanet mai nuna ƙarfin hasken rana a kowane yanki na duniya. Duk wanda ya duba Najeriya a kanta zai ga launi yana ƙara ja yayin da ido ke haurawa arewa. Daga Sakkwato zuwa Katsina har Yobe, murabba'in mita ɗaya na samun kimanin kilowat-awa 6 a yini. Sai dai tauraron ɗan'adam ne ya yi awon, shi kuwa bai san gonar gado ba, bai san burtali ba. Tashar megawat 100 tana cin hekta 200 ko fiye, kuma dokar da ke faɗin wanda zai ba da wannan fili ta girmi taswirar da shekara fiye da 100.

Bayan Turawa sun ci Kano da Sakkwato a 1903, Gwamna Percy Girouard ya sa aka kafa kwamiti a Landan a 1908 domin duba mallakar ƙasa a Arewa. Daga rahotonsa aka fitar da dokar 1910, wadda ta sanya ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, a matsayin amanar 'yan ƙasa. Manomi yana da haƙƙin amfani, ikon bayarwa da karɓewa kuwa yana sama. A yi mata adalci: ta toshe wa baƙin kamfanoni hanyar saye gonakin talakawa. Gwamnatin Sardauna ta riƙe tsarin a dokar 1962, minista ya gaji ikon Gwamna. A 1978 gwamnatin soja ta Obasanjo ta shimfiɗa shi a kan Najeriya baki ɗaya da Dokar Amfani da Ƙasa, aka kuma ɗaure ta a cikin tsarin mulki.

Sashe na 28 ya ba gwamnan jiha ikon soke haƙƙin mai fili saboda maslahar jama'a. Sashe na 29 ya tanadi diyya, amma ta abin da aka ɗora a kan ƙasar ce: gini, shuka, itatuwa. Ita ƙasar kanta ba a biyan kuɗinta. A birni wannan na iya zama kuɗi mai kauri. A karkara fa? Gonar gero da aka girbe ba ta da komai da rani sai kara da 'yan itatuwan ɗorawa, ga shi irin wannan fili, shimfiɗaɗɗe mara inuwa, shi mai tashar sola ke nema. Makiyayin da ke ratsawa da shanunsa bayan kaka ba ya ma cikin lissafi, tunda bai gina ba, bai shuka ba. A ganina nan dokar ta fi rauni.

Har yanzu ba a gwada ta sosai ba. Manyan ayyuka 14 da aka rattaba wa hannu a Yulin 2016 sun maƙale a gardamar farashi da lamuni, tashar Challawa ta Kano da aka buɗe a Janairun 2023 kuwa megawat 10 ce kacal. Amma a 2023 ɗin aka gyara tsarin mulki, aka kuma yi sabuwar Dokar Lantarki, wadda ta ba jihohi damar kafa hukumominsu na kula da wuta. A jihar da ta yi haka, gwamnatin da ke ba kamfani lasisi ita ce ke karɓe filin, jami'anta ne kuma ke ƙiyasta diyyar.