Waya Taka, Makulli Na Wani

Yau na ajiye alƙalamin ƙagaggen labari na ɗauki na tarihi, kuma wani ƙanena mai sana'ar bandar kifi a kasuwar Haɗejiya shi ya jawo. Ya sayi waya kwance a hannun wani baƙo, ya biya lakadan a gaban shaidu. Bayan mako biyu, yana shirin kiran dilansa na Kudu, sai ya tarar wayar ta kulle kanta, ga rubutu wai akwai sauran bashi. Ashe mai ita na farko bashi ya karɓo ta daga wani kamfani, ya biya rabi, ya sayar, ya yi layar zana. Ya kawo mini ita ya ce, "Yaya, don Allah wayar nan tawa ce ko ba tawa ba ce?"

Da a zamanin iyayenmu ne, dariya za a yi wa wannan tambaya. A da, idan mai kaya ya ce "na sayar", mai saye ya ce "na saya", aka ba dillali la'adarsa, to ciniki ya faɗa. Wanda ya sayi keke Raleigh ko keken ɗinki Singer, ko ta Maigatari ya shigo ko ta Ikko, babu wani Bature da zai miƙo hannu daga Ingila ya hana taya juyawa.

Haka ita ma wayar salula ta fara. A watan Agustan 2001 ne Econet da MTN suka fara aiki a Nijeriya, lokacin da kuɗin layi kaɗai ya fi albashin ƙaramin ma'aikaci. A 2003 Glo ya shigo da cajin kira na daƙiƙa-daƙiƙa, farashi ya fara sauka. Muka riƙe su Nokia 3310, wadda ko ta faɗa ruwa sai a shanya ta ta tashi. Daga baya 'yan kasuwarmu suka buɗe hanyar Dubai da Sin, kaya suka cika Titin Beirut da Farm Centre a Kano, daga can kuma su gangaro mana. Da yawa daga cikin waɗannan wayoyi na ainihi ne, ba jabu ba, ba na sata ba, sai dai ba ta hannun wakilin kamfani suka shigo ba, shi ya sa suka fi sauƙi. Da su talaka ya san waya.

Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, kowace waya tana da lamba mai alƙaluma 15 da ake kira IMEI, wadda take sanar da kanta ga kamfanin sadarwa. Da intanet ta shiga waya kuwa, sai ya zama wayar na gaisawa da mai ƙera ta dare da rana, kana barci.

A matsayina na mai rubuta littafi, abin da ya fara tayar mini da hankali a 2009 ya faru. Kamfanin Amazon ya shiga na'urar karatu ta Kindle ta mutanen da suka sayi littafin George Orwell mai suna 1984, ya goge shi, ya maida musu kuɗinsu, bisa dalilin cewa wanda ya sa littafin a kasuwa ba shi da izini. Ka yi tunanin in biyo dare in shiga ɗakin matar da ta sayi littafina, in zare shi daga ƙarƙashin matashinta, in ajiye mata kuɗi!

A ƙarshen Satumban 2012, hukumar sadarwa ta Kenya ta sa aka yanke wayoyin jabu sama da miliyan ɗaya daga layi. A 2013 Apple ya fito da makullin da ke hana buɗe iPhone sai da izinin mai ita na farko. Ya rage sata, gaskiya ne, amma ya bar masu sayen kwance da yawa da ƙarfen banza. A 2021, bayan wawason da aka yi a Afirka ta Kudu, Samsung ya sanar cewa zai kashe talabijin ɗin da aka sace daga rumbunsa da zarar an haɗa su da intanet. A nan gida kuma, a Afrilun 2022 an hana layuka sama da miliyan 70 yin kira saboda ba a haɗa su da NIN ba.

Duk waɗannan ana iya cewa ɓarawo ake bi, ko jabu, ko doka. Amma abin da ya faru a Meziko a 2023 daban ne. Samsung da Motorola da wasu suka fara toshe wayoyinsu na ainihi, waɗanda mutane suka saya da guminsu, don kawai ba ta hannun wakilansu na ƙasar suka shigo ba. Sai da hukumar kare masu saye ta ƙasar, Profeco, da hukumar sadarwa suka tsawatar a watan Oktoba, sannan Samsung ya janye. Da a nan aka yi haka, shaguna nawa za su rage a Farm Centre?

Mu mutanen fadamar Haɗejiya bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Kakanninmu sun yi noman shinkafa da su da kiwo bisa ambaliyar da kogi ke kawowa kowace damina, a kan lokacinta. Aka gama madatsar Tiga a 1974, aka ƙara ta Challawa a 1992, duk a can sama cikin ƙasar Kano. Manomin Auyo ko Guri bai sayar da gonarsa ba, tana nan inda ya gada. Amma yaushe ruwa zai zo, kuma nawa, wannan ya koma hannun mai juya ƙofar dam, wanda bai taɓa gani ba. Ambaliyar da ke ciyar da fadama ta ragu, kacala ta toshe hanyoyin ruwa. Gona taka, ruwa na wani. To haka waya ta koma.

Ban ce makulli ba shi da amfani ba. Wanda aka yi wa ƙwacen waya zai so a kashe ta, kuma mai ba da bashi yana da haƙƙin kuɗinsa. Abin da nake cewa, wanda ya saya da zuciya ɗaya kada a hukunta shi ba shari'a, ba a ji ta bakinsa ba. Muna da hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, muna da NCC. Su fayyace wa ke da ikon kulle waya, bisa wane dalili, kuma ina wanda aka zalunta zai kai kuka.

Kafin nan, in za ka sayi kwance, danna *#06# ka ga lambar, a rubuta ta a rasit, mai ita ya cire asusunsa a gabanka, kuma ka san gidansa. Shi ƙanena har yau wayarsa na cikin durowa, kuma ban ba shi amsar tambayarsa ba. Allah Ya sa mu dace.