Tarihin Daidaita Kalmomi da Na'ura da Matsalar Hausar Manoma

A wannan maƙala muna nufin waiwayar yadda aka koya wa kwamfuta gane kalmar da ta yi daidai da wata a cikin fassara. Tun 1949 Warren Weaver ya ba da shawarar a ɗauki fassara tamkar warware rubutun asiri. A 1993 ne Peter Brown da abokan aikinsa na IBM, a Amurka, suka bayyana cikakken lissafin daidaitawar. Sun ɗura wa na'ura muhawarar majalisar Kanada, wadda ake bugawa da Turanci da Faransanci, ba tare da ƙamus ba. Ita ke ƙidaya sau nawa kalmomi biyu suka haɗu a jimloli masu ma'ana ɗaya, ta yi zato, ta gyara, har zaton ya zauna.

Hausa kuwa ba ta da irin wannan taska, ko da yake Google ya shigar da ita cikin harsunan fassararsa a 2013.

Mu ɗauki Funtua, inda Bankin Duniya ya tallafa wa shirin bunƙasa aikin gona tun daga 1975. Kalma guda ta Turanci, malamin gona kan mayar da ita biyu, wato takin zamani. Wannan kam hanyar IBM ta tanadi maganinsa. Amma abin da takarda ke kira auduga, manomi a Malumfashi kan ce masa kaɗa, kuma rubutun boko ba ya nuna karin sauti. Na'urar da ba ta taɓa cin karo da kaɗar gona ba tana iya ɗaukar kalmar a matsayin aikatau, irin na kaɗa ganga.