Tarihin Ƙoƙarin Sarrafa Mafarki a Turai da Amurka, 1867 zuwa 1980

1.0 Gabatarwa

Akwai nau'in mafarkin da mai barci kan gane cewa mafarki yake yi, alhali bai farka ba. A wannan takarda za a kira shi mafarkin sane. Tun zamanin Girkawa Aristotle ya ambaci faruwarsa, kuma masu ibadar addinin Buda na Tibet sun daɗe suna horar da kansu a kai. Takardar ta taƙaita ne ga masu bincike na Turai da Amurka, domin nuna yadda suka gano cewa niyya da naci ke ba mutum iko a cikin mafarkinsa, kuma ikon yana da iyaka.

2.0 Saint-Denys da littattafan mafarkinsa

Hervey de Saint-Denys, Bafaranshe masanin harshen Sin, ya fara rubuta mafarkansa tun yana yaro, har ya cika littattafai 22. Ya lura cewa yawan rubutawa ya sa yana ƙara tuna mafarki, yawan tunawa kuma ya sa yana gane mafarki tun yana cikinsa. A 1867 ya wallafa littafi kan hanyoyin sarrafa mafarki, ba tare da sa sunansa ba.

A ciki ya ba da labarin wani mugun mafarki da ya addabe shi, inda dodanni ke bin sa daga ɗaki zuwa ɗaki. Wani dare da ya gane mafarki ne, sai ya daina gudu, ya juya ya ƙura wa na gaba ido. Nan take siffar ta lalace, mafarkin kuma bai sake dawowa ba. Wannan darasi ne masu ilimin halayyar ɗan Adam suka ɗauka daga baya wajen taimakon waɗanda mugun mafarki ke hana barci.

3.0 Van Eeden da iyakar iko

A 1913 Frederik van Eeden, likitan ƙwaƙwalwa ɗan ƙasar Holan, ya gabatar da takarda a Ingila kan mafarkan sane 352 da ya rubuta tsakanin 1898 da 1912. A ɗaya daga cikinsu ya bugi wani kofin gilashi da dukkan ƙarfinsa, kofin ya ƙi fashewa. Sai da ya sake dubawa daga baya ya tarar da shi a fashe. Ke nan sanin cewa mafarki ake yi bai sa kome ya bi umarnin mai mafarkin nan take ba.

4.0 Hujja daga ɗakin gwaji

Duk waɗannan bayanai na baka ne, don haka masana da yawa suka yi shakkarsu. Amma a matakin barcin da aka fi yin mafarki, jiki kan saki, idanu kuwa suna motsi. Da wannan Keith Hearne ya yi amfani a Jami'ar Hull ta Ingila a 1975. Ya shirya da wani mai barci cewa idan ya gane yana mafarki ya juya idanunsa hagu da dama, na'ura kuma ta ɗauki alamar yana tsaka da barci.

Stephen LaBerge ya sami irin wannan sakamako a Jami'ar Stanford ta Amurka, inda ya kammala digirinsa na uku a 1980. Dabararsa ta dogara ga niyya: idan mutum ya farka daga mafarki, ya tuno shi daki-daki, sannan ya koma barci yana maimaita ƙudurin cewa zai gane mafarki na gaba.

5.0 Kammalawa

Daga Saint-Denys zuwa LaBerge hanyar ba ta sauya sosai ba: a rubuta mafarki da safe, a ƙudurta niyya kafin barci, a jure maimaitawa. Abin da shekarun 1970 suka ƙara shi ne hujjar da wani zai iya aunawa daga waje.