Yadda Sunan Tsutsa Ya Taimaka Aka Kori Kurkunu

Yau hirar tsutsa za mu yi, kar wanda ya toshe hanci.

Ina ƙarami, kakata na da wani tabo a idon sawu. Na tambaye ta, ta ce kurkunu ne, shi ya hana ta noma wata damina sukutum. Sai da na girma na gano cewa wannan tsutsar har suna gare ta a littattafan kimiyya, kuma sunan na da tarihi.

A 1758, masanin nan na Suwidin, Carl Linnaeus, ya kasa dabbobi gida shida. Gida na ƙarshe ya kira shi Vermes, wato tsutsotsi. To, nan fa ya mai da wurin kamar kwandon shara: tana, matsattsaku, tsila, har da dodon koɗi, duk ya tura su ciki. Ka ga ko Bahaushe ya ba kowacce sunanta daban. Kurkunu kuwa ya sa shi a jinsin Gordius, ya laƙaba masa medinensis, don an san cutar a yankin Madina. Daga baya aka mai da shi jinsin Dracunculus, amma sunan Madina bai fita ba har yau.

A farkon shekarun 1800, Lamarck na Faransa ya rarraba wannan kwandon. Sannu a hankali aka gane tana da matsattsaku dangi ne, masu jiki gaɓa-gaɓa. Tsila tana cikin masu jiki shimfiɗaɗɗe. Kurkunu kuma yana cikin masu jiki kamar zare.

Wani zai ce, to meye amfanin wannan rabe-raben? Ku ji. Bajamushe Rudolf Leuckart ya lura 'ya'yan kurkunu sun yi kama da na wata tsutsar kifi da ke girma cikin ƙananan ƙwarin ruwa. Sai ya ce wa Alexei Fedchenko, ɗan Rasha, ya duba can. A wajajen 1870 Fedchenko ya same su cikin waɗannan ƙwarin. Ashe ta ruwan sha cutar ke shiga jiki. Dangantaka ce ta tona asirin.

Da aka san haka, sai aka san inda za a tare ta: tace ruwa da ƙyalle, haƙa rijiyar burtsatse, hana mai cutar tsoma ƙafa a tafki. A ƙarshen shekarun 1980, Najeriya ta ƙirga sama da mutum 650,000 masu kurkunu a shekara guda. Cibiyar Carter da Janar Yakubu Gowon sun yi ta bi ƙauye-ƙauye, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Najeriya da Nijar sun rabu da shi. Amma a Chadi har yanzu yana nan, ya ma shiga karnuka.

Ku tambayi tsofaffin gidanku ko sun yi kurkunu, ku ji me za su ce. Sai mun haɗu a shiri na gaba.