Jiniyar Masaƙa da Naƙudar Mata: Tarihin Lafiyar Maza da Mata a Kudancin Kogin Kaduna

Gabatarwa

Duk wanda zai rubuta tarihin Kakuri da Makera da Nasarawa da Barnawa, abin da yakan fara zo masa shi ne masaƙu da layin dogo. Haka ya kamata, domin su ne suka tara jama'ar wannan yanki. Amma a wannan maƙala ina so in duba tarihin ta wata kusurwa da ba a cika kulawa da ita ba, wato yadda aka raba kiwon lafiya tsakanin namiji da mace. Tambayar da na sa a gaba ita ce: idan ciwo ya kama magidanci, ko naƙuda ta kama matarsa, wane ne aka tanadar wa magani, wane ne kuma aka bari ya nema da kansa? Na zaɓi yin magana da malaman makaranta da dattawa ne saboda dalilin da zai fito fili kafin mu kai ƙarshe.

Garin da aka kafa don maza

Kafin zuwan Turawa, Gbagyi ne mazauna wannan ƙasa. Da layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa wurin a 1911, aka kuma mayar da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917, sai gari ya tashi da sojoji da leburori da akawuna da masinjoji. Tashar jirgin ƙasa ta Kaduna Junction tana kudancin kogi, kuma muhimmancinta ya ƙaru da aka haɗa ta da layin da ya taso daga Fatakwal ta Kafanchan. Mafi yawan waɗanda suka zo aiki maza ne, da yawansu sun bar iyali a ƙauye.

Likitancin gwamnatin mulkin mallaka ya bi wannan tsari sau da ƙafa. An fara shi ne don Bature, sa'an nan soja, sa'an nan ma'aikacin gwamnati, wato mutanen da rashin lafiyarsu ke tsayar da aikin hukuma. Mace mai ciki ba ta cikin wannan lissafi. Haihuwa ta ci gaba da zama a hannun ungozoma da tsofaffin gida, kamar yadda take a ƙauyukan da aka baro. Ko a wajen horar da ma'aikata ma an sami wannan tazara. Arewa ta sami likitanta na farko, Dokta Barau Dikko na Wusasa, tun zamanin Turawa, amma an daɗe ƙwarai kafin 'ya'ya mata na Arewa su shiga makarantar likitanci, domin kuwa makarantun sakandaren da za su shirya su ba su da yawa.

Masaƙa da asibitin mishan

A 1957 Gwamnatin Jihar Arewa, tare da kamfanin David Whitehead na Ingila, ta buɗe masaƙar Kaduna Textiles Limited, wadda aka fi sani da KTL, a Kakuri. Cikin shekarun 1960 Nortex da United Nigerian Textiles da Arewa Textiles suka biyo baya. Aka kafa masana'antar makamai ta soja a 1964, kamfanin haɗa motocin Peugeot ya fara aiki a 1975, matatar mai kuma aka buɗe ta a 1980. Mu da muka ga wancan zamani muna tuna yadda jiniya ke raba yini, da yadda kekuna ke cika titin Kachia a lokacin canjin aiki.

Abin lura shi ne, kusan duk masu wannan kekuna maza ne. Akwai al'ada a ciki, akwai ƙarancin ilmin mata, akwai kuma doka. Dokar Ƙwadago ta 1974 ta hana sa mata aikin dare a masana'antu, in ban da masu aikin jinya da masu riƙe da muƙamin shugabanci. Masaƙa kuwa dare da rana take aiki, ana karɓa-karɓa. Dokar da aka yi da niyyar kare mace sai ta zama ɗaya daga cikin dalilan da suka rufe mata ƙofar aikin albashi. Ita dai wannan doka ta tanadi hutun haihuwa na mako 12 da aƙalla rabin albashi, amma wadda ba ta da takardar ɗaukar aiki ba ta da abin da za ta nema a ciki.

Sakamakon wannan a fagen lafiya a bayyane yake. Ma'aikacin kamfani yana da ɗakin shan magani a wurin aiki, yana da ƙungiyar ƙwadago da ke yi masa ciniki, kuma hedikwatar ƙungiyar ma'aikatan masaƙu ta ƙasa a Kaduna take. Matarsa da ke sayar da abinci a bakin ƙofar kamfani, ko take suyar ƙosai, ko ɗinki, ko noma kayan lambu a bakin kogi, tana samun magani ne ta hannun mijinta ko daga ɗan abin da ta tara a adashi. Ita ma tana ciyar da masana'antar da guminta, amma sunanta ba ya cikin rajista.

Ba ina nufin namiji ya tsira ba ne. Wanda ya shekara goma yana shaƙar ƙurar auduga yakan kwashi ciwon ƙirji da tari da numfashi sama-sama, ƙarar injin saƙa tana kashe kunne a hankali, ga kuma haɗarin injin ya cinye yatsa. Kowane jinsi da irin cutar da matsayinsa ya jawo masa. Bambancin shi ne an san cutar namiji da sunan cutar aiki, ta mace kuwa aka bar ta da sunan ƙaddara.

Giɓin da gwamnati da kamfanoni suka bari, mishan ne suka fara cike shi a wannan yanki. Matan zuhudu na ɗarikar Katolika sun kafa makarantar 'yan mata ta Queen of Apostles a Kakuri, wadda gwamnati ta karɓa a farkon shekarun 1970 ta sa mata suna Kwalejin Sarauniya Amina. A ƙarshen shekarun 1950 kuma aka kafa asibitin St. Gerard a nan Kakuri. Sunan kansa yana da ma'ana, domin mabiya Katolika suna ɗaukar Gerard Majella, mutumin Italiya na ƙarni na 18, a matsayin waliyin mata masu ciki. Musulmi da Kirista sun haihu a wannan asibiti, kuma makarantarsa ta koyon jinya ta yaye mata masu yawa. Daga baya aka sami asibitin gwamnati da yanzu ake kira Gwamna Awan, da asibitin masu taɓin hankali na Barnawa, da asibitin Sabon Tasha.

Abin da binciken Zariya ya nuna

Hujja mafi ƙarfi game da lafiyar matan ƙasarmu ta fito ne daga Zariya. Tsakanin 1976 da 1979 Farfesa Kelsey Harrison da abokan aikinsa a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka bi diddigin haihuwa 22,774, aka buga sakamakon a 1985. Sun gano cewa kusan mace ɗaya cikin ɗari tana rasa ranta, kuma mafi yawan masu mutuwar su ne waɗanda ba su taɓa zuwa awon ciki ba, sai da naƙuda ta yi tsawo, ko jini ya ɓalle, ko jijjiga ta kama su aka kawo su a galabaice. Yarinyar da ta ɗauki cikin fari ƙugunta bai gama girma ba tana cikin haɗari babba, haka ma wadda ta yi haihuwa da yawa. Matan da suka yi makaranta kuwa, mutuwa a cikinsu kaɗan ce ƙwarai. Daga nan Harrison ya tsaya a kan cewa ilmin kowa da kowa shi ne babban maganin mutuwar mata wurin haihuwa.

A wannan asibiti ne kuma, cikin shekarun 1970, likitoci Davidson da Parry suka bayyana ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta yawansa a ƙasar Zazzau da wankan jego da ruwa mai tsananin zafi, da kwanciya a gadon da aka hura wa wuta, da yawan shan kunun kanwa. Ba don wulakanci iyayenmu suka riƙi waɗannan al'adu ba. Kwana arba'in ɗin jego hutu ne da gata da al'umma ta ba mace tun kafin a san wata dokar ƙwadago. Abin da ilmi ya nema shi ne a riƙe hutun da abinci mai kyau, a rage zafin ruwa da kanwa. Yankan gishiri kuwa, wanda tare da doguwar naƙuda yake jawo yoyon fitsari, ba shi da wani amfani da za a riƙe. Aikin da Dokta Kees Waaldijk ya fara a Babbar Ruga ta Katsina a 1984, da wanda ake yi a asibitin Gambo Sawaba na Zariya, sun mayar da dubban mata cikin jama'a bayan an ƙyamace su.

Shekarun tsuke bakin aljihu da rabuwar gari

Duniya ta farga da wannan matsala a taron Nairobi na 1987 kan haihuwa lafiya, daidai lokacin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, yake ƙoƙarin kai kiwon lafiya matakin farko ga ƙananan hukumomi. Sai dai shirin tsuke bakin aljihu na 1986 ya zo ya karya darajar Naira, magani ya yi tsada, asibitoci suka koma rubuta wa majinyaci takarda ya je ya sayo komai, har safar hannu da auduga. A gidan da kuɗi ke hannun mutum ɗaya, mace mai naƙuda takan jira izni, ta jira kuɗi, ta jira mota, sa'an nan ta jira a asibiti. Kowane jira yana cin jini.

Rikicin Fabrairun 2000 da na Nuwamban 2002 suka ƙara dagula al'amari. Jama'a suka yi ƙaura bisa addini, kogin ya zama kamar iyaka, Musulmi da yawa suka bar unguwannin kudu, Kirista da yawa suka baro na arewa suka cika Sabon Tasha da Narayi da Romi da Gonin Gora. Unguwanni suka faɗaɗa fiye da asibitocinsu. Mutane suka fara auna asibiti da unguwar da yake, kafin su auna shi da ƙwarewar likitansa. Naƙuda kuma ba ta san dokar hana fita ba.

A cikin wannan hali masaƙu suka durƙushe. KTL ta rufe a 2002, sauran suka bi ta cikin 'yan shekaru, United Nigerian Textiles ta tsaya a 2007. Ɗakin shan maganin kamfani ya tafi tare da albashi. Tsofaffin ma'aikata da yawa sun rasu suna jiran haƙƙoƙinsu, hawan jini da baƙin ciki suka yi musu yawa, namiji kuwa a al'adarmu ba ya son a gan shi a layin asibiti sai ciwo ya kayar da shi. Nauyin gida ya koma kan matan nan da ba a rubuta sunansu ba. Da tallar abinci da wankau da adashi suka biya kuɗin makaranta da na magani, ƙungiyoyin Zumuntar Mata a coci-coci da na mata Musulmi irin FOMWAN, wadda aka kafa a 1985, suka zama madogara.

Sauye-sauyen baya-bayan nan

A 2007 gwamnatin Jihar Kaduna ta ɓullo da shirin kula da masu ciki da ƙananan yara kyauta, gwamnatin tarayya kuma ta fara tura ungozomomi karkara a 2009. Bayan 2015 jihar ta sa a gaba gyaran cibiyoyin lafiya 255, ɗaya a kowace mazaɓa. An buɗe cibiyar Salama a asibitin Gwamna Awan don kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe. A 2019 aka ƙara hutun haihuwa na ma'aikatan jiha zuwa wata shida, a shekarar ce kuma Dokta Hadiza Balarabe, likitar da ta shugabanci hukumar lafiya matakin farko ta jiha, ta zama mace ta farko da aka zaɓa mataimakiyar gwamna a jihar. Duk da haka, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ne ke mutuwa a cikin kowace haihuwa 100,000 a Nijeriya, wanda bai yi nisa da 545 na 2008 ba. Hutun wata shida kuma bai kai ga mai sayar da tumatir a kasuwar Kakuri ba, kamar yadda na mako 12 bai kai ga mahaifiyarta ba.

Kammalawa

Abin da na fahimta daga wannan tarihi shi ne, adalci a kiwon lafiya ba ya nufin a ba namiji da mace abu iri ɗaya. Yana nufin a auna buƙatar kowa, a kuma daina ɗaura magani a kan takardar albashi kaɗai. Dalilin da ya sa na fuskanci malamai da dattawa shi ne, abubuwa biyu da binciken Zariya ya nuna suna ceton rai suna hannunsu. Malamin da ya bi sawun ɗalibar da ta daina zuwa aji har ya dawo da ita, ya yi aikin likita tun kafin ciwo ya zo. Dattijon da ya kafa doka a gidansa cewa duk mai ciki za ta je awo, kuma in naƙuda ta zo ba sai an jira maigida ya dawo ba, ya kawar da jira na farko. Shi kansa kuma ya je a gwada jininsa, domin 'ya'yansa maza su gani su koya. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.