Alamomin da ke riga yankewar al'ada

Hukumar Lafiya ta Duniya (OMS) ta ce yawancin mata al'adarsu na yankewa ne tsakanin shekara 45 zuwa 55, kuma ba a cewa ta yanke sai an yi wata 12 cur ba a ga jini ba. Amma jiki na fara sauyawa shekaru kafin nan: wata mace shekara biyu, wata huɗu, wata ma fiye. Dalili shi ne ma'ajiyar ƙwan haihuwa ta fara rage aiki, sinadarin istirojin da take fitarwa yana hawa yana sauka ba tsari. Wannan ba cuta ba ce. Matsalar a gari irin Gure, a jihar Damagaram, ita ce alamomin sun yi kama da wasu abubuwan da aka saba da su, shi ya sa ake yawan yi musu gurguwar fahimta.

Abin da ke fara rikicewa shi ne jinin kansa. Yakan zo da wuri ko ya makara, ya ƙaru ko ya ragu, ya tsallake wata biyu sannan ya dawo. Macen da ta yi haihuwa bakwai ko takwas sai ta ɗauka ciki ne, wata kuma ta ɗauka haihuwa ta ƙare. Dukansu na iya kuskure, don muddin jini na zuwa, ko jefi-jefi ne, ciki na iya shiga, kuma ciki bayan shekara 40 ya fi zuwa da hawan jini da wahalar naƙuda. Wadda ke shan maganin tazarar haihuwa kada ta daina sai ta yi shawara da ungozomar asibiti. Rikicin na shafar salla da azumi ma. A mazhabar Malikiyya haila ba ta wuce kwana 15, abin da ya zarce haka jinin ciwo ne, wanda ya kamata a kai wa malami tambayarsa, a kai wa likita kuma dalilinsa.

Sai zafin jiki mai tasowa farat ɗaya. Yakan taso daga ƙirji zuwa wuya da fuska, zufa ta keto, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, bayan minti kaɗan ya lafa, wani lokaci sanyi ya biyo baya. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a ƙasar Muniyo, ba mai lura. Kowa zufa yake. Sai hunturu ya zo, mace ta farka tsakar dare zanenta a jiƙe alhali kowa na ƙudundune, sannan ake gane ba yanayi ba ne. Da damina kuwa a ce zazzaɓin cizon sauro ne, a sayi ƙwaya a tebur. Gwajin jini na gaggawa a cibiyar lafiya ta CSI yana raba gardama cikin minti 20.

Rashin barci, saurin fushi, mantuwa, faɗuwar gaba da kuka ba dalili su ne aka fi zalunta. A gidan da ake da kishiya sai a ce kishi ne, wani wuri a ce iska ce ko sammu. Akwai kuma ciwon gaɓoɓi da ciwon kai. Bushewar gaba, da zafi wajen saduwa, da yawan fitsari, kunya ke hana faɗarsu, alhali akwai man shafawa na asibiti da ke sauƙaƙa su. Cusa haɗe-haɗen kayan mata yakan ƙara ƙaiƙayi da rauni.

Ba kowane abu ake jingina wa shekaru ba. Jini mai yawa da gudaji har jiri ya kama mace, jini bayan saduwa, ko wanda ya dawo bayan shekara guda da yankewa, duk suna bukatar a duba mahaifa, don sankarar bakin mahaifa takan fara da haka. Zufar dare tare da tarin da ya wuce sati biyu da ramewa na iya zama tarin tibi. Wadda al'adarta ta tsaya kafin shekara 40 ita ma ta ga likita. Daga CSI ana tura mace asibitin gundumar Gure, in abin ya fi ƙarfinsu a wuce da ita Damagaram.

Ga mai alamomi marasa tsanani, tufa mai sauƙi ta auduga, shan ruwa, da rage shayi mai ƙarfi, goro da yaji da yamma suna taimakawa. Wake, zogale, hanta da nama na mayar da jinin da aka rasa, nono kuma na ƙarfafa ƙashi, wanda ke fara rauni idan istirojin ya ragu. Maganin da ke maye gurbin sinadarin yana rage zafin jiki sosai, amma likita ne kaɗai ke rubuta shi, bayan ya auna hawan jini ya kuma bincika nono da mahaifa.